Tsagar Mai Rijiya

Asama'u ta warware ƙyalle na huɗu a kan tabarmar zaure, ta danne bakinsa da dutse don kada iska ta naɗe shi, sannan ta ja da baya a durƙushe tana jiran abin da mahaifinta zai ce.

Malam Basiru, limamin ƙauyen Rijiyar Sanda, ya gyara tabarau ya sunkuya. Farin saƙi ne na masaƙan Minjibir, kowane ƙyalle ya kai faɗin buzun salla, an rina shi da jar ƙasa har ya yi kama da fatar mutum. Babu ido, babu hanci, babu baki. Yanka ne kawai a jiki: an tsaga saƙin da aska, an bi bakin kowace tsaga da baƙin zare don kada ta zarce.

"To, ina zanen?" in ji shi.

"Shi ke nan, Baba."

"Wannan ai ɓarnar tufa ce, Uwata. Mutane na neman abin rufe jiki, ke kina yayyagawa."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba. Shekara goma da suka wuce, da ta nace sai ta karanci zane a kwalejin Bici, sharaɗi ɗaya ya gindaya mata: kada hannunta ya zana fuskar mutum ko surar abu mai rai. Ta riƙe sharaɗin. Yanzu tana koyarwa a wata makarantar 'yammata a Ɗanbatta, kuma an gayyace ta Kano, inda matasa masu zane za su baje ayyukansu ran Asabar, kowa ya nuna asalinsa yadda ya fahimta. Mijinta Usaini zai zo da motar aro da la'asar ya kwashi kayan. Izini ta zo nema.

"Na farkon nan da babu yanka ko ɗaya, mu ne," ta ce. "Ni da ƙannena, da ba a yi mana tsaga ba. Na biyun kuwa, Baba, ka duba da kyau."

Ya duba. Dogayen tsage takwas, huɗu dama huɗu hagu, ta uku a hagu ta ɗan karkace. Bai san lokacin da hannunsa ya tafi kumatunsa ba. Yatsansa ya sauka a kan karkatacciyar tsagar da ya yi shekara sittin da biyu yana ɗauke da ita.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ni ne."

"Na uku Malam Tasi'u, mahaifinka. Na huɗu kakanka, Malam Muhammadu Sani."

Fuskarsa ta saki. Malam Basiru mutum ne mai gaskiya, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma ba ya tsoron faɗa wa mai kuɗi laifinsa a gaban jama'a. Amma yana da girman kai, irin wanda mai shi ba ya gani, kuma duk a kan waɗannan tsage ya rataye shi. Tsagar Barebari ce, in ji gidansu. Kowane yaro a garin ya san labarin: Malam Abdussalam ya taso daga Barno da Alƙur'ani a gafaka, ya iso nan babu ruwa, ya soka sandarsa a ƙasa ruwa ya ɓuɓɓugo, aka kafa gari a bakin rijiyar. Saboda tsantseni, ba wanda ya taɓa ganin bakinsa. Kullum amawalin rawaninsa yana rufe da shi. Shi ya sa har yau limaman gidan suke ja da amawali har ƙarƙashin hanci in za su fita.

A bana labarin ya fi kowace shekara daraja. Kwana ashirin da uku ke nan ba a ga ɗigon ruwa ba, a tsakiyar damina. Gero ya naɗe ganye, gyaɗa ta kwanta. Taki ya fi ƙarfin talaka tun bara, gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya, wasu kuwa kwaɗon rama da tafasa ne abincinsu. Gobe Juma'a gari zai fita roƙon ruwa a bakin rijiyar, kuma jikan mai sanda ne zai shiga gaba.

"Saura shi babban," ya ce da fara'a. "Warware mu gani."

Asama'u ta rungume naɗi na biyar a ƙirjinta.

"Baba, in ka ce kada ya je, ba zai je ba. Na rantse ko Usaini bai gani ba."

"Warware na ce."

Ta warware. Wannan ya fi sauran duhu, don da ƙasar bakin rijiya ta rina shi har sau uku. Babu dogayen tsage. Gajeru ne guda shida a can ƙasa, uku a dama, uku a hagu, sun buɗe kamar gashin bakin kyanwa, daidai inda bakin mutum zai kasance.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki kafin a daina tsaga ya iya karanta fuska kamar yadda ake karanta allo. Malam Basiru ya karanta. Uku-uku ce, tsagar da ake yi wa bayin gandu.

Ya daɗe bai ɗago ba. A cikin gida ana daka, taɓarya tana sauka a hankali cikin turmin da bai cika ba.

"Wa ya faɗa miki wannan?"

"Baba Iliyasu. Wajensa na ari askar. Na tambaye shi tsagar kowa ɗaya bayan ɗaya, yana zana mini a ƙasa da yatsa."

"Tsohon wanzami ya rikice, ke kuma da karatunki kika ɗauka. Kin san abin da kika yi? Kin ɗauki aska kin yanka gidan ubanki za ki kai Kano a rataye, 'yan boko su tsaya suna nunawa da yatsa."

"Ban zana fuska ba, Baba."

"Da fuskar kika zana da ya fi sauƙi!"

Ta sunkuyar da kai. Ya naɗe ƙyallen da kansa, ya ɗauki askar da ke gefen tabarma ya jefa a aljihu, ya ja amawali, ya fita.

Gidan Sarkin Aska Iliyasu yana ƙarshen gari, bayan gonar dawa. Hanyar ta bi ta tsakanin shingayen kara, gona na manne da gona, babu inda ƙafa za ta taka a ce ba na kowa ba ne. Manoma suna zaune a inuwar ɗorawa da fartanya a gefe, don babu abin nomewa a busasshiyar ƙasa. Duk wanda ya gan shi sai ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, gobe dai muna bayanka."

"Allah ya kai mu," yake amsawa, bai tsaya ba.

Ya tarar da tsohon a ƙofar gida yana wasa wata aska a kan fata, ko da yake rabonsa da aski an yi shekaru, hannu ya fara rawa. 'Ya'yansa duk suna Kano suna tuƙa keke mai ƙafa uku. Zabirarsa tana rataye a ƙusa, ƙura ta hau ta.

"Liman da kansa? Kaciya ko ƙaho? In aski ne ka nemi wani, kada in cire maka kunne."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Baba Iliyasu." Ya warware ƙyallen a gabansa. "Mene ne wannan ka cusa wa yarinya?"

Tsohon ya kusanto da fuskarsa, ya bi tsagen da ɗan yatsa.

"Kai, yarinyar nan da namiji ce da na ba ta zabirata. Dubi hannu. Ko ɗigo ba ta kauce ba."

"Tambayarka nake."

"Zauna, Basiru. Ranar sunanka ni na riƙe kanka babana yana tsagawa. Ka yi fizge-fizge, shi ya sa ta ukun nan ta karkace. Ba za ka tsaya mini a ka ba."

Malam Basiru ya zauna a kan kututture.

"Mu wanzamai ba mu da littafi," in ji Iliyasu. "Fuskokin mutane ne littafinmu. Kowane gida da tsagarsa, uba ya koya wa ɗa, don kada ranar suna a ɗora wa jariri ta wani gida. Kakana shi ne wanzamin kakanku na farko. Duk garin nan shi kaɗai yake ganinsa ba amawali, sai sun shiga ɗaki an saki asabari. Sunansa na fari Nasamu. A gandun da ke gabas da nan ya tashi, inda yanzu aka yi makarantar firamare. Da aka saki mutane zamanin zuwan Turawa, ba shi da inda za shi, sai ya zo nan ya fara haƙa."

"Da sanda."

"Da sanda? Ka taɓa leƙa rijiyar nan kuwa? Gaba goma sha takwas ce, kuma akwai marmara a tsakiya. Wata bakwai ya yi a ciki da diga da ƙwarya, matarsa tana jan ƙasa da igiya. Farcensa duk sun zube, ba su sake fitowa daidai ba. Bayan ruwa ya fito ne wani malami matafiyi ya yada zango a nan. Nasamu ya ce zai ba shi ruwa da abinci, shi kuma ya koya masa karatu. Yana da shekara arba'in ya fara da baƙi da wasali. Ya sauke, ya haddace. Malamin ne ya sa masa Abdussalam."

Malam Basiru ya nuna kumatunsa.

"Wannan fa?"

"Da aka haifi kakanka, Muhammadu Sani, sai Nasamu ya kira kakana gefe ya ce, 'Tawa ta ƙare a fuskata. Ka yi wa yaron nan wata, wadda in ya girma zai nemi auren 'yar kowa ba a dubi bakinsa ba.' Kakana ya ce wacce? Ya ce ta malaman gabas. To kakana bai taɓa wuce Ɗanbatta ba. Wani Babarbare ɗan fataucin kanwa ya taɓa gani a kasuwa sau ɗaya, shi ma da hula har gira. Ya yi ta kumatu daidai gwargwado. Ta goshi, wadda ke saukowa kan karan hanci, bai san da ita ba. Haka muka yi ta gadon kuskuren, hawa uku."

Wani abu ya faɗo wa Malam Basiru a rai, abin da ya yi shekara arba'in bai tuna ba. Yana saurayi ya je gabas neman karatu. Ranar da ya isa, ya gabatar da kansa ga wani tsohon gwani a matsayin jinin Barno da ya dawo gida. Gwanin ya kama haɓarsa, ya juya fuskarsa dama da hagu, ya yi murmushi, ya ce da na kusa da shi wani abu da yarensu, suka yi dariya. Ya ɗauka hassada ce. Da wannan fassarar ya dawo, kuma da ita ya zauna.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Ka taɓa tambaya? Kai kullum kai ke ba da labarin. Ita ce ta farko da ta zauna a nan ta ce, 'Baba, yaya tsagarsa take?' Na kusa tamanin, kuma bayana babu wanzami. In yi mata ƙarya in tafi da ita kabari?" Ya ajiye askarsa. "Karatun gaskiya ne, Basiru. Rijiyar ma gaskiya ce, yau da safe na sha. Barnon ce kawai babu."

Malam Basiru ya naɗe ƙyallen. Har ya juya, tsohon ya ce, "Askata tana aljihunka, na ga kanta. In ka gama da ita a dawo mini da abata."

Bai koma gida kai tsaye ba. Ya ratse ta bakin rijiya. Rana ta take, mata sun gama ɗiban safe, babu kowa sai awaki biyu suna lasar laka. Ya zauna a gindin tsamiyar da ke wurin, ya shimfiɗa ƙyallen a cinyarsa, ya fito da askar ya buɗe.

Aikin ba shi da wuya. Saƙi ne, ba fata ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya ja dogaye huɗu a dama, huɗu a hagu, su haɗiye gajerun, Asama'u ta bi da zare kafin la'asar. Ba za ta yi masa musu ba. Ƙyalle biyar su tafi Kano, a ga gidan malamai tun daga tushe, gobe ya shiga gaban jama'a kamar yadda ya saba. Ya ɗora bakin askar a kan saƙin, zare ɗaya ya tsinke.

Sai ya ga abin da yake shirin yi. Abin da Nasamu ya sa aka yi wa jaririnsa ne shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Amma wancan uba ne da ya ji wa ɗansa tsoron wulaƙancin da shi ya sha. Shi kuwa babu mai hana 'ya'yansa aure, babu mai kiransa bawa. Kunyar kakansa kawai yake ji, mutumin da ya bar farcensa a cikin ramin nan. Sau nawa ya hau mumbari ya ce wa mutane taƙama da asali aikin jahiliyya ne? Yana faɗa ne da amawali a baki da tsage takwas a kumatu, hankalinsa kwance.

Ya rufe askar. Ya tashi ya leƙa rijiyar, abin da rabonsa da yi tun yana yaro. Can ƙasa ruwa yana ƙyalli kamar ƙwayar ido. A jikin bangon, daga sama har inda duhu ya haɗiye, ga ƙananan ramuka bi da bi, inda mai haƙa yake sa ƙafa in zai sauka ko zai hau. Sun sha gansakuka, amma suna nan. Mai sanda ba ya bukatar matakala.

Da ya koma gida, ya tarar da Asama'u ta naɗe guda huɗun ta ɗaure da igiya, idanunta sun yi ja.

"Na gaya wa Usaini huɗu ne, Baba."

"Kwance su."

"Na'am?"

"Ba za su je Kano ba tukuna. Kanawa ba za su riga mutanen garin nan ji ba. Ɗauko ƙusa, ki nuna mini yadda ake jera su."

Ta dube shi, ta ga ba gatse yake yi ba. Suka fita tare. A bangon zaure ta waje, wanda ke kallon hanyar masallaci, liman da kansa ya hau turmi yana buga ƙusa da dutse, 'yarsa tana cewa a ɗaga nan, a sauke can. Na Nasamu ta sa a farko daga dama, yadda ake fara karatu.

Kafin kiran la'asar mutane suka fara taruwa. Matasa suka tsaya suna ɗauka da waya, ba su ga komai ba sai yagaggen saƙi. Wani ya tambaya ko sabon maganin ruwa ne. Manya kuwa suka ƙura wa na farkon ido. Malam Basiru yana tsaye a gefe, hannu a baya. Ya shirya abin da zai ce, ya kuma shirya wa abin da zai biyo baya, har da a ce gobe wani ya ja salla.

Sai ga Badaru, tsohon manomin da ido ya kusa barinsa, yana dogara sanda.

"Me ake kallo ba a kira makafi ba?"

Aka matsa masa. Ya lalubi ƙyallen farko, yatsunsa suka yi yawo har suka faɗa cikin tsagen. Ya ƙirga uku, ya ƙetara, ya ƙirga uku.

"A'a! Wannan ai Nasamu ne, mai rijiya. Allah ya jiƙan maza. Wa ya tuno da shi?"

Malam Basiru ya matso.

"Baba Badaru, ka san shi da wannan suna?"

"Yo ba tare suka yi noma da kakana a gandu ba? Rabin garin nan daga can muka fito. Duk wanda ya haura saba'in ya sani."

"Kun sani, kuna ji ina ba da labarin sanda shekara talatin?"

"To, Liman, mu mun ɗauka kai ma ka sani, kana dai rufa wa gidanku asiri ne. Kuma ka iya ba da shi, yara suna so." Wasu dattawa biyu suka yi ƙasa da kai suna murmushi. Badaru ya juya fuskarsa sama kamar mai shinshinar iska. "Rana ta yi sanyi fa. Ka shiga gaba mu yi salla, ƙafata ba ta son tsayuwa."

Daga nesa aka ji ƙarar motar Usaini tana tahowa tsakanin gonaki. Asama'u ta dubi mahaifinta.

"Bayan salla ki sauke," ya ce. "Biyar ɗin. Ki rubuta sunayen mai rijiya duka biyu, na farkon a sama. Wannan kuma ki biya ki mayar wa mai ita."

Ya miƙa mata askar. Ya ɗauki butarsa, wadda aka cika da ruwan rijiya tun safe, ya tsuguna a bakin zaure a gaban jama'a, ya sauke amawali ya yi alwala. Da ya miƙe ya nufi masallaci, bai mayar da shi ba.